Kwantena naka kai kaɗai ko na haɗaka?

Malam, ka tambaya ko ka ɗauki kwantena guda ko ka shiga na haɗaka don kai kayan gida ƙasar da za ku koma. Yawan kayan ne zai raba gardama. Kwantena mai tsawon ƙafa 20 yana cin kusan mita kubik 33, mai ƙafa 40 kuwa ninkinsa. In kayanku ba su kai rabin ƙaramin ba, haɗaka ta fi araha, sai dai akwai jiran a cika shi, kuma kaya na shan ɗauki-sauke.

Abin da mutane ke mantawa shi ne danshi. Kwantena ƙarfe ne, da rana ya ɗau zafi, da dare ya huce, sai raɓa ta taru a rufi tana ɗiga. Ka kashe firji da wuri, ya bushe ƙayau kafin a rufe shi, in ba haka ba funfuna da wari za ka tarar. Katifa da littattafai a naɗe su da leda, a kuma sa jakunkunan tsotse danshi.

Kayan lantarki kuwa, ka duba tukuna: wasu ƙasashe wutarsu 120 ce, wasu 230. Ni dai ban ga amfanin jigilar tsohon injin wanki ba.

Ka sa kamfanin ya rubuta maka ko farashinsa ya haɗa da kuɗin tashar da za a sauke, domin in kwanakin da ake barin kaya a tashar kyauta suka ƙare, kullum sai an caje ka. Kowane kwali ka ba shi lamba da jerin abin da ke ciki saboda kwastan da inshora. Fasfo, takardun shaida da magani su bi ka a jakar hannu.