Muryar Baba kan takardun sakatariya da maganar burtsatse

Wannan ita ce muryar da babanmu, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya turo a guruf jiya bayan isha'i. Na rubuta ta ne saboda masu cewa ba ta buɗuwa a wayarsu.

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da dare, ya gajiya, ya iyali? Kun san ni da rubutu a waya sai a hankali, ido ya fara ja baya, shi ya sa na ce bari in yi murya. Za ta ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Na ji tambayar ɗan ƙanena, da ya ce yaronsa zai nemi aikin soja, an ce ya kawo takardar haihuwa da indijin, wato takardar shaidar cewa shi ɗan asalin ƙaramar hukumar ne, ya je sakatariya sau uku yana dawowa hannu Rabbana, kuɗin acaba kawai yake ƙonewa. Na kuma ji Malama ta firamare tana tambayar wa za a kai wa kukan burtsatsen bakin masallaci da ya lalace tun kafin azumi. To bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗana, ka ji kuskuren farko. Yaron nan daga sama ya fara. Indijin ba a fara ta daga sakatariya. Daga ƙofar gidan mai unguwa ake farawa, shi ne ya san ubanka ya san kakanka. Shi zai kai ka ko ya ba ka takarda zuwa wurin dagaci, dagaci ya sa hannu, a wuce gidan hakimi a buga hatimi. Da wannan takardar a hannu, da hoton fasfo, da takardar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, sannan ka doshi sakatariya. In ka je babu ita, magatakardan da ke kan tebur bai san ka ba, kuma ba zai ce maka "ba ka cika sharaɗi ba", cewa zai yi "oga ba ya nan, dawo gobe". Na zauna a kan irin teburin nan shekaru, na san yaren. Wani lokacin da gaske ogan ba ya nan, wani lokacin kuma ganda ce kawai ta yi wa mutum bayani.

Kuma a lura da ranar zuwa. Kada ka je ranar Juma'a, kada ka je ranar kasuwar garin. Litinin ko Talata da hantsi, nan ne za ka samu masu sa hannu a zaune. In aka ce ka biya kuɗi, ka biya, amma ka ce a ba ka rasit. Kuɗin da babu rasit ba aljihun hukuma ya shiga ba. Na goro daban, wannan tsakaninka da zuciyarka ne, ni dai ba zan ce ka bayar ba.

Sai takardar haihuwa. A nan mutanenmu suke rikicewa, don iri biyu ce ke yawo. Akwai wadda ƙaramar hukuma ko asibiti ke bayarwa, akwai kuma ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wadda aka fi nema a aikin gwamnatin tarayya, ko fasfo na fita waje, ita ce ta Hukumar Ƙidaya. Tun dokar 1992 aka ɗora musu rajistar haihuwa da mutuwa, kuma dokar ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60, kyauta. Suna da ofis a ƙaramar hukuma, kuma ana samun ma'aikacinsu a wasu asibitocin, musamman ranar rigakafi. Wanda ya riga ya wuce shekara 18 kuwa, kamar yaron nan naka, ba irin ta jarirai za a ba shi ba. Sai ya je kotu an yi rantsuwar shekaru, uba ko wani babba a gidan ya rantse cewa ga ranar da aka haife shi, sannan ya kai wa Hukumar Ƙidaya su ba shi takardar tabbatar da haihuwa.

To a nan nake so kowa ya kasa kunne, don wannan ita ce cutar da ta fi cin yaranmu. Suna da ranar haihuwa. Kafin yaron nan ya je ya rantse a kotu, a baje duk takardunsa a kan tabarma: ta firamare, sakamakon sakandare, takardar NIN, da abin da ke banki. A duba harafi bayan harafi. Za ka ga a firamare hedimasta ya rubuta sunan yaro da sunan garinmu a ƙarshe, a sakandare ya koma sunan yaro da na uba, a NIN kuma mai kwamfuta ya ƙara sunan kaka. A wani wuri Muhammad, a wani wuri Mohammed, a wani Mamman. Mu a gida duk mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa ba ta san haka ba, mutum uku take gani.

Jikana na wajen babbar 'yata haka ta faru da shi. Lokacin da ake rububin haɗa layin waya da NIN, aka zo da na'ura gindin darbejiyar kasuwa, layi har bakin titi. Da aka zo kansa aka tambaye shi ranar haihuwa, ya ce bai riƙe ba, mai na'urar ya danna 1 ga Janairu, ya ƙiyasta shekara da ido. Yaro ya karɓi takarda yana murna ya linke ya sa a aljihu. Sai da ya zo rajistar JAMB, jarrabawar shiga jami'a, kun san tun 2021 ba a yi sai da NIN, sannan aka ga an ƙara masa shekara biyu a kan abin da ke takardar makaranta. Gyaran nan ya ci mana watanni, ya ci kuɗin da ya fi kuɗin buhun takin da nake shirin saya a lokacin, har rajistar shekarar ta wuce shi. Alhali ranar haihuwarsa tana nan rubuce a bangon wani tsohon littafi da ubansa ya ajiye a akwati, babu dai wanda ya tuna ya duba. Rajistar NIN ta farko kyauta ce, gyara ne mai tsada. Saboda haka duk wanda zai kai yaro, ya rubuta suna da ranar haihuwa a takarda ya miƙa, kuma kada ya tashi daga gaban na'ura sai an karanta masa abin da aka shigar. Wanda kuma ya manta lambarsa, ya danna *346# da layin da ya yi rajista da shi, za ta fito, ana cire ɗan kuɗi kaɗan a kati.

Ku mata da ke guruf ɗin nan, don Allah in an haihu, ko a gida ne a hannun ungozoma, ranar da za a kai jariri rigakafi a tambayi mai rajistar haihuwa. Katin rigakafin ma a adana shi. Haka takardar mutuwa, Allah ya sa mu cika da imani, ita ma Hukumar Ƙidaya ce, kuma banki ba zai saki kuɗin mamaci ga magada ba sai an bi ta kanta.

Bari in sha ruwa. Yauwa.

Tunda ana maganar takarda, bari in tsoma maganar gona ko da ba a tambaya ba. Mu har yanzu ciniki muke yi da baki, a ce daga kukar nan zuwa jerin gambar can, shaidu biyu, a yi fatiha a watse. Shaidu su rasu, gamba a sare ta, 'ya'ya su tashi da rigima. A rubuta takardar ciniki, mai sayarwa da mai saye da maƙwabtan gona su sa hannu ko su dangwala, dagaci ya buga hatimi. Kuma dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filin da ba na birni ba, ana nema a sashen filaye na sakatariya. Mutane da yawa sun ɗauka sai an je babban birnin jiha, shi ya sa ba sa ma gwadawa.

To Malama, mu zo kan burtsatse. Na san an gaya wa kansila, an gaya masa a wurin ɗaurin aure, an sake gaya masa a wurin ta'aziyya, ya ce in sha Allahu. Ba na zargin sa da komai, amma maganar baki ba ta shiga fayil. Ni da idona na ga yadda ake zama a raba ayyuka: fayil ake ɗaukowa, garin da ke da takarda a ciki shi ake ambata. Abin da za mu yi, ƙungiya ta rubuta wasiƙa zuwa ga ciyaman, ta hannun kansila, dagaci ya sa hannu. A faɗi inda burtsatsen yake, yaushe ya lalace, gida nawa ke sha daga gare shi, a haɗa da hoto. A yi kofi biyu. In an kai ofishin karɓar wasiƙu, a ce su buga hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kan kofinmu, mu dawo da shi gida. Wannan kofin mai hatimi shi ne sandarmu. Bayan mako biyu a koma da shi a hannu a tambayi inda aka kwana.

Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu sani ba. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. A ƙarƙashinta kowane ɗan ƙasa na iya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi a nuna masa takarda, misali nawa aka ware wa gyaran rijiyoyi a kasafin bana, wa aka ba kwangilar, an biya ko ba a biya ba. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Kwana 7 doka ta ba su su amsa, abin da za ka biya kuɗin fotokofi ne kawai. Wanda bai iya rubutu ba wani na iya nema a madadinsa, in ma da baki ya nema, jami'in ne zai rubuta ya ba shi kofi. In suka hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar Naira 500,000 idan kotu ta tabbatar. Da can jihohi na cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kan kowa.

Ba ina cewa kuna miƙa takarda za a miƙo muku fayil ba ne. Za a yi kallon-kallo, wani ma zai ce wa ya turo ku, ko 'yan adawa ne. Shi ya sa nake ganin da sunan ƙungiya za a rubuta, ba da sunan mutum ɗaya ba, kuma da lafazi mai ladabi, ba da zagi a Facebook ba. Su ma 'ya'yanmu ne, gobe a masallaci ɗaya za a haɗu. Amma kada wani ya rufe mu da "babu kuɗi" mu yi shiru. Kason da ake ba kowace ƙaramar hukuma cikin 774 na ƙasar nan daga asusun tarayya ana wallafa shi duk wata, yaranmu masu intanet su nemo na tamu su turo nan guruf. Kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, duk da dai an sha ja-in-ja wajen aiwatarwa.

Ɗana, ka ce wa yaron gobe bayan la'asar ya zo gida da duk takardunsa a leda, mu baje su tare kafin ya je kotu. Malama kuma ke da sakataren ƙungiya ku tsara wasiƙar, ku turo mini in duba. Ranar Litinin ina da shiga sakatariya kan maganar fanshona, wanda zai bi ni mu haɗu a tasha ƙarfe bakwai. Cajina ya kusa ƙarewa. Wassalamu alaikum.