Salsalar gidanmu za ta iya maido mana gonar kaka?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam lauya. Ni malamin makaranta ne a nan birnin Damagaram, asalinmu kuma wani ƙauye ne a ƙasar Mirriya. Tun rasuwar mahaifinmu bara na sayi littafi na shiga rubuta tarihin gidanmu daga bakin tsofaffi. Na samu cewa kakan babanmu ne ya sari dajin bayan yunwar Kakalaba. Ya rasu ya bar 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya, kakanmu ya ci gaba da riƙon gandu. A shekarar fari ta 1973 kakanmu ya ba wani maƙwabci gefen gabas na gonar ya karɓi hatsi. Goggonmu, wadda ta kai shekara tamanin, ta ce jingina ce a kan dami talatin. Jikokin mutumin sun ce saye ne, yanzu ma mun ji suna neman takarda wajen Kofo, hukumar filaye, don su sayar. Ba a taɓa raba gadon ba tun daga kakan babanmu. Littafin nan nawa zai zama hujja? Ta ina zan fara?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyauta namu zuwan.

Littafinka yana da amfani, domin dokar ƙasar Nijar da kanta ta ba irin abin da ka tattara matsayi. Kundin dokokin karkara, wato doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, ya ce a sashe na 5 kariya ɗaya ce ga haƙƙin da ya samo asali daga al'ada da wanda ya samo asali daga rubutacciyar doka. Sashe na 9 kuma ya ce ana mallakar gona ta hanyar gado idan abin da jama'ar wurin suka sani, suka riƙe a kai, ya tabbatar da hakan. Ke nan rashin takardar kumandan ko ta gwamnati ba ya raba ku da gonarku. Sai dai ka lura da lafazin dokar: sanin jama'a ta ce. Abin da gida ɗaya ya rubuta wa kansa labarin gida ne, sai mutanen gari sun tsaya a bayansa yake zama hujja.

Akwai wani dattijo da ya taɓa zuwa ofishina da takarda a naɗe cikin leda, an jera kakanni bakwai da ajami, kowa da laƙabinsa. Ranar zama aka karanta ta daga sama har ƙasa. Abokin shari'arsa yana zaune yana gyaɗa kai, da aka gama ya ce duk gaskiya ne, bai musa ko suna ɗaya ba, amma na biyar ɗin nan shi ya sayar wa ubansa. Nan take takardar ta gama aikinta, domin ba a kan haihuwa ake jayayya ba. Irin matsayin da kake ciki ke nan. Maƙwabtanku ba za su ce kakan babanku bai sari daji ba. Maganar duka ta tattaru a kan wuni ɗaya cikin 1973: me aka faɗa lokacin da aka ɗauki damman nan, kuma wa ke wurin.

Saboda haka ka buɗe sabon shafi, wannan karon tarihin gonar za ka rubuta. Wa ya noma wane gefe, daga wace damina zuwa wace, da wane sharaɗi ya shiga. Tsofaffi ba sa riƙe lambar shekara, amma ba sa manta wahala. Kakalaba ta faɗo a 1913 zuwa 1914, farin da ka ambata na 1973 zuwa 1974 ne, wanda ake ce wa El Buhari kuma na 1984 zuwa 1985. Idan tsohuwa ta ce an haƙa rijiya damina biyu kafin El Buhari, ta ba ka shekara ke nan. Haka zamanin sarakunan Damagaram da na sarkin ƙasarku, da lokacin da ake kai gyaɗa sikeli, duk turaku ne da za ka ɗaure labari a jikinsu.

Ga tambayoyin da ke raba jingina da saye a idon mai sulhu da alƙali. Bayan 1973, mutumin ya riƙa aiko da dami ko 'yan tiyoyi gidanku da kaka? Kakanku ko babanku ya taɓa kai hatsi ko kuɗi don ya fanshi gonar aka ce ya dakata? A gaban wa? Wa ke kaɗar gawon da ke ciki? Sun dasa itace ko sun haƙa rijiya, kuka gani kuka yi shiru? A al'adar ƙasar nan mai aro da mai jingina ba sa dasa itace sai da izini, don haka mangwaro guda da ya shekara talatin a wurin yana iya yi musu shaida fiye da mutum uku. Sannan farashi: dami talatin a shekarar yunwa kuɗin gona ne, ko kuwa bashin fita kunya? Tsofaffin da suka ga shekarar su za su faɗa. Ka rubuta amsar ko da ba ta yi maka daɗi ba, gara ka ji ta a zaure da ka ji ta a kotu.

Game da goggo, Allah ya ƙara mata lafiya, ita ce taskarku, amma magajiya ce, tana da rabo a abin da ake jayayya a kai. Shaidar mai rabo ba ta da ƙarfi, malaman Malikiyya ma ba sa karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani. Aikinta shi ne ta nuna maka hanya: wa ya auna damman, jakin wa ya ɗauka, wa ke limanci a lokacin. Shaidun da kake nema su ne masu gonakin da ke iyaka da ku gabas da yamma, kudu da arewa, da dattawan da ba su haɗa jini ko aure da kowane ɓangare ba. Ɗaukar murya a waya da yardar mai magana yana da kyau don kada magana ta ɓace, amma wanda ya zo da ƙafarsa ya faɗa a gaban mai gari, aka rubuta, ya fi.

Takardun gida kada ka raina su, kada kuma ka ɗora musu kayan da ba za su iya ba. Katin iyali da rasiɗan haraji suna nuna wane ne mai gida a wace shekara da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Ba sa nuna gona. Takardun haihuwa na tsofaffi yawanci "wajajen shekara kaza" aka sa. Ka duba gafakar liman da bangon Alƙur'anin kakanku, malamai kan rubuta bashi da jingina da ajami su soke a nan. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Yamai tana da rahotannin zamanin Faransa a kan ƙasashen sarakuna da ƙidayar ƙauyuka, kuma Damagaram ce babban birnin mulkinsu har 1926. Wannan zai yi wa littafinka ado, ya nuna tun yaushe ƙauyenku yake, amma kada ka kashe kuɗin mota kana zaton za ka tarar da iyakar gonarku a can.

Ka shirya wa hujjoji biyu da za su kawo. Ta farko jawabin shugaban ƙasa na lokacin, Seyni Kunce, na 18 ga Disamba 1974, inda ya ce duk gonar da wani ke nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Gonaki da yawa na aro da jingina sun maƙale a hannun masu riƙo daga wannan ranar, taku kuma ta fita hannunku shekara guda kafin nan. Amsarka ita ce jawabi ne, dokar 1993 ta zo bayansa ta jera hanyoyin mallaka, don haka sai an koma an tambayi yadda aka shiga gonar. Ta biyu hauzi, wato daɗewar riƙo: a fiƙihun Malikiyya wanda ya ga baƙo yana aiki da dukiyarsa shekara goma, yana nan, babu abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, ba a sauraron da'awarsa. Amma hauzi ba ya amfanar wanda aka san da aro ko jingina ya shiga. Ka ga nan ma magana ta komo kan wunin nan na 1973.

Sai abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi rigimar maƙwabta nauyi. Gonar ba ta gidan babanku kaɗai ba ce. Tun da ba a raba ba, lissafi daga kakan babanku zai fara, a sauko hawa-hawa, abin da malamai ke kira munasakha. Idan 'ya'yan nan uku kaɗai ya bari, kashi biyar za a yi: kakanku biyu, ɗan'uwansa biyu, 'yar'uwarsu ɗaya. Biyun kakanku su za a sake rabawa tsakanin matansa da 'ya'yansa, har da goggo. Jikokin waccan macen da aka aurar wani gari, waɗanda wataƙila ba su taɓa taka gonar ba, suna da haƙƙi, kuma salsalar da ka rubuta da hannunka ita za ta kira su. Wannan yana da amfani ta wani gefe, domin za ku iya cewa kakanku ba shi da ikon sayar da abin da ya haɗa da 'yan'uwansa ba da yardarsu ba. Amma ba za ka riƙe wannan hujja a gaban mai gari, ka dawo gida ka ce mata ba sa gadon gona ba. Kuma a littafinka ka fi kula da wa ya riga wa rasuwa, domin jikan da ubansa ya rasu kafin kaka ba ya gado idan akwai ɗa namiji a raye. Kuskuren damina ɗaya a nan yana fitar da gida guda daga rabo.

Abin gaggawa shi ne takardar da suke nema. Kofo, hukumar kula da filaye, tana da rassa a matakin ƙauye, da na ƙaramar hukuma, da na gunduma, kuma mai gari ne shugaban ta ƙauye. Ba ta yanke shari'a, shaida take bayarwa a kan abin da babu jayayya a kansa, bayan an sanar da jama'a. Ka rubuta takardar ƙin yarda, ka bayyana gonar da maƙwabtanta huɗu, ka kai wa mai gari da sakataren Kofo na gundumarku, a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. Idan aka riga aka sayar, mutum na uku ya shigo da kuɗinsa da takardarsa, aikin ya ninka.

Bayan haka ku yi taron dangi, kowane reshe na 'ya'yan nan uku ya turo mutum, mata a ciki, ku zaɓi wakili ɗaya a rubuce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma na sha ganin ɗan baffa ya koma shaidar abokan gaba don ba a kira shi taro ba. Daga nan sai sulhu, wanda sashe na 149 na dokar ya wajabta kafin a je kotu: mai gari tukuna, in ya gagara sai sarkin ƙasarku. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba su ikon sulhu, ba ta ba su ikon hukunci ba, kuma dole a rubuta sakamakon, an daidaita ko ba a daidaita ba. Idan an daidaita, ka kai takardar kotu a sa mata hatimin zartarwa. Idan ba a daidaita ba, da ita za ka shigar da ƙara, alƙali ya zauna da mataimaka masu sanin al'ada, ya ji shaidu, yana iya zuwa ya ga gonar, magana kuma tana iya kaiwa ga rantsuwa da Alƙur'ani. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara cikin wa'adi, ka tambayi magatakarda ranar da aka yanke.

In ka nemi ra'ayina, shekara hamsin ba wasa ba ce, kuma waɗannan mutane a gonar aka yaye su. Ko an tabbatar jingina ce, sai kun biya hatsin kafin ku karɓa, kuma sai an daidaita a kan dami talatin ɗin ko ƙimarsu ta yau. Idan shaidunka biyu ne masu ƙarfi, ka nemi fansa. Idan goggo kaɗai gare ka, sulhun da zai raba gefen gabas ɗin, a dasa gamba a sabuwar iyaka, kowa ya karɓi takardarsa ta Kofo, ya fi shari'ar da za ta ci damina uku. Kafin nan kada wani yaronku ya shiga da shuka idan ruwa ya sauka, kada a tuge gamba ko aguwar iyaka, domin nan take maganar gado take komawa ta jandarma.

Takardar ƙin yarda a wannan makon. Ranar hutunka ta gaba kuma ka ɗauki goggo a amalanke, ku zaga gonar tare da maƙwabtan iyaka, ta nuna da sandarta, kai kana rubutawa.