Fura da nono na ƙara wa mai ciwon huhu majina?

Malama Hadiza, kin ce baba a Tawa ya daɗe da ciwon huhu, kaki ya dame shi, har kun hana shi fura da nono. Ni dai a ganina ku mayar masa da furarsa. Nono ba ya sa huhu ƙara majina. Haɗuwa yake da miyau ya yi kauri a maƙogwaro na ɗan lokaci. Ya kora da ruwan ɗumi, shi ke nan. Mai wannan ciwo rama ce abin tsoro, don numfashin kansa na cinye ƙarfinsa.

Cikin abubuwan da ke daskarar da kaki akwai ƙarancin ruwa, balle da hunturu. Ya riƙa kurɓa yini duka, sai in likita ya ƙayyade masa saboda zuciya ko ƙoda. Tuwon dare mai yawa, da mai da yaji, kan taso da ƙwannafi ya tsananta tari. A raba abincin kaɗan-kaɗan, kada ya kwanta da ƙoshi. A rage gishiri, a ƙara zogale da wake. Hayakin itacen girki ma, a nisanta shi.

In kakin ya canja launi, ko da jini, ko zazzaɓi ya shigo, ku kai shi asibiti ranar.