Yawon Kufena a Tsakiyar Marka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar tarihi ce a wata sakandare a Samarun Zariya. Mu goma sha biyar, malamai da manyan ɗalibai, mun shirya takawa a ƙasa daga Wusasa zuwa Dutsen Kufena a watan Agusta, don lokacin ne muke hutu. Maigidana ya ce ganganci ne da damina. Mu fasa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ku fasa. Amma maigida yana da gaskiya a wuri ɗaya: hawa ƙololuwar dutsen. Wannan ku bar wa rani. Dutsen Kufena falale ne, da ruwa ya taɓa shi gansakuka take kwantawa, santsinsa kuwa ba ya barin ko mai kambas, balle mai silifas. Ga tsawa, wadda ta fi son wuri mai tudu da ba kowa sai kai. In kuka hangi hadari ya haɗo daga gabas, ku nufi ƙauye mafi kusa, kada ku fake a gindin doguwar bishiya.

Abin da kuke nema ma ai a ƙasa yake. Ku fara da cocin St. Bartholomew da ke Wusasa, ginin ƙasa irin na Hausa da aka yi a 1929, lokacin da mishan ɗin Dakta Miller, wani likita Bature mai wa'azin Kirista, ya bar cikin birnin Zariya ya koma can. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya yi firamare. Ku nemi izini kafin ku shiga. Daga nan sai ku bi hanyar gonaki zuwa gindin dutsen, inda ragowar tsohuwar ganuwa take, wadda mutane ke dangantawa da Sarauniya Amina. Kufena na cikin wuraren da Zagezagi suka zauna kafin Zariya ta zama hedikwata, kamar Turunku da ke kudu.

Ganuwar nan ce ta fi damuna. Ƙasa ce, kuma kowace damina sai ta ci rabonta. Ɗalibai kuwa kin san su, da sun ga tudu sai hawa a ɗauki hoto. Jiƙaƙƙiyar ganuwa in ƙafa talatin suka taka ta, abin da ya zaizaye ya tafi ke nan. Ki gaya musu tun a gida, ki maimaita a wurin. Ciyawa ma takan rufe ta a Agusta, har mutum ya wuce bai gane ba, shi ya sa sai kun biya ta wurin mai unguwa ya haɗa ku da ɗan gari. Shi zai nuna muku burtali, don manomi ba ya yafe wa wanda ya tattake masa kunyar masara, ko da sunan tarihi ne. Ku riƙa wa ɗan garin ɗan goro.

Ku fita da sassafe, ku juyo kafin azahar, don ruwa ya fi sauka da yamma, ko da yake marka ba ta da alkawari. Rigar ruwa ta fi lema amfani in da iska. Kowa ya sa takalmi mai rufi da dogon wando saboda macizai, waya da littafi a ɗaure cikin leda. In aka kwana ana ruwa, a ɗaga tafiyar zuwa mako na gaba.