Amsa a kan lokacin haihuwar shanu da auna jariran maruƙa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure, barkanmu da warhaka. Wannan murya amsa ce ga tambayar da Alhaji ya yi jiya da dare, inda ya ce yana da ɗan garken shanun nama, yawancinsu Bunaji da 'yan Bokoloji kaɗan, kuma da yawa daga cikin matan za su haihu tsakanin watan Maris da Mayu. Ya tambaya ko akwai wani amfani a auna maraƙi ranar da aka haife shi, kuma idan akwai, yaya mutum zai yi alhali ba shi da babban sikelin shanu. Alhaji, Allah ya ƙara girma, tambayar nan ta yi mini daɗi ƙwarai, domin abu ne da masu ƙananan garke suke rainawa, kuma rainin yana jawo musu asarar da ba su san daga inda ta fito ba.

Amfani kam akwai shi, amma ina so mu fara komawa baya kaɗan, saboda nauyin da za a gani a sikeli ranar haihuwa tun watanni uku da suka wuce aka gina shi. Saniya tana ɗaukar ciki na kwana 280 zuwa 290, wato wata 9 da 'yan kwanaki, kuma kusan kashi biyu bisa uku na girman ɗan da ke cikinta a watanni ukun ƙarshe yake samuwa. To ku duba yadda lissafin yake faɗuwa a ƙasarmu. Saniya tana murmurewa ne idan damina ta kankama, ta ƙoshi da ɗanyar ciyawa, ta nemi sa a watan Yuni ko Yuli ko Agusta. Wadda aka hau a Yuli za ta haihu a Afrilu, ke nan watanninta ukun ƙarshe sun faɗa cikin Janairu da Fabrairu da Maris, lokacin da karan gona ya ƙare, ciyawar daji ta bushe ta zama ba ta da wani amfani a jiki, ruwa kuma ya yi nisa. A daidai lokacin da ɗan ya fi bukatar abinci, a lokacin uwar take ramewa. Saboda haka, Alhaji, idan akwai harawar wake ko ta gyaɗa da kuka tanada, da dusa, da angurya ko ƙuli-ƙulinta, masu tsohon ciki su ne suka fi cancanta da su, kuma a ware su daga sauran a lokacin ba da abinci, domin manyan bijimai ba sa barin mai ciki ta kai bakinta kwami. A ajiye musu gishirin lasa, a tabbatar suna shan ruwa su ƙoshi. Ba kitse ake nema su tara ba, domin saniyar da ta yi ƙiba fiye da kima ita ma tana shan wuyar haihuwa. Abin da ake so shi ne ta kai ranar haihuwa haƙarƙarinta a rufe, ba a iya ƙirga su daga nesa.

Idan haihuwa ta matso, za ku ga hantsa ta ciko, jijiyoyin gindin wutsiya sun saki har wurin ya lotsa, saniya ta riƙa ware kanta tana kwanciya tana tashi. A kai ta wuri busasshe mai inuwa wanda aka share kashin shanu, a shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa, sa'an nan a bar ta, a riƙa leƙawa daga nesa. Haihuwar da ta zo daidai, ƙafafun gaba biyu ne suke fara fitowa, tafin kofato yana kallon ƙasa, hanci yana kwance a kansu. Idan faya ta fashe, saniya tana ta yunƙuri har kusan awa guda babu wani ci gaba, ko kuma aka ga ƙafa ɗaya kawai, ko kai ba ƙafafu, ko tafin kofato yana kallon sama, to lokacin kiran likitan dabbobi ya yi. Ina roƙon 'yan'uwa da girman Allah, a daina ɗaura igiya a ƙafar maraƙi a tara ƙarti suna ja, balle a ɗaura wa babur. Sau da yawa ɗan da uwar duka ake rasawa ta haka. Duk wanda zai sa hannu kuma ya sa safar hannu mai tsawo, domin cutar bakkale, wadda take sa shanu ɓari, tana kama mutum ta ruwan haihuwa da mabiyiya da ɗanyar madarar da ba a dafa ba.

Yanzu ga ɗan ya faɗo. A nan ne nake so a kiyaye tsari, saboda na ga masu ɗokin awo suna ɗauke maraƙi tun yana jiƙe su nufi sikeli da shi. Sikeli ba shi ne farko ba. Da farko a share masa yauƙin hanci da baki, a ga yana numfashi, a bar uwar ta lashe shi, domin da lasar nan take gane ɗanta, shi ma jikinsa yake ɗumi. Bayan haka a tsoma cibiya cikin ruwan aidin har gindinta, ba a shafa kawai ba, saboda ta cibiya ƙwayoyin cuta suke shiga su kumbura gwiwoyi bayan sati biyu ko uku, ƙudaje kuma su yi mata tsutsa. Sai babban al'amari, wato dakashi. Maraƙi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan, domin mahaifar saniya ba ta miƙa masa ita tun yana ciki, sai ta wannan nonon farko mai kauri. Hanjinsa yana iya tsotse garkuwar sosai a awanni 6 na farko, daga nan ƙarfin tsotsewar yana ta raguwa, zuwa awa 24 ya kusan rufewa gaba ɗaya. Abin da ake so ya sha ya kai kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a farkon yinin, wato maraƙi mai kilo 20 yana bukatar kusan lita 2. Idan bai miƙe ya kama nono ba cikin awa biyu, a riƙe shi a kai bakinsa, idan ya kasa a tatsa a ba shi da kwalba mai bakin roba a hankali, kada ya shaƙe. Ina sane cewa a wasu gidaje ana tatse dakashi a dafa wa yara, kuma ba na musun daɗinsa, amma a garken nama wannan rabon maraƙi ne, sai abin da ya rage bayan ya ƙoshi.

To bayan ya bushe, ya sha, ya miƙe a kan ƙafafunsa, sai a auna shi, kuma a yi hakan kafin awa 24 ta cika, domin idan aka bari ya kwana biyu ko uku, abin da aka samu ba nauyin haihuwa ba ne kuma. Ba a bukatar babban sikeli. Sikeli mai ƙugiya irin na masu awon hatsi, wanda yake ɗaukar kilo 50, ya wadatar. A sami buhu mai ƙarfi a huda masa ramuka huɗu na ƙafafu, ko a ratsa shi ta ƙarƙashin ƙirji da ciki a haɗa bakunansa a sama, a rataye sikelin a reshe ko a sandar da mutum biyu za su ɗaga. A fara rataya buhun shi kaɗai a mayar da allurar sikeli kan sifiri, sa'an nan a sa maraƙin, a jira ya daina mutsu-mutsu kafin a karanta. Kada a rataye shi ta ƙafafu kansa a ƙasa. Wanda ba shi da wannan, sikelin da mutane suke hawa ma yana yi: mutum ya hau shi kaɗai a rubuta, ya rungumi maraƙin ya sake hawa, a cire na farko daga na biyu, amma a ajiye sikelin a kan daɓe ko katako, domin a kan rairayi yana ba da lambar ƙarya. Akwai kuma tef na awon ƙirji da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi, sai dai yawancinsu a kan shanun Turai aka tsara su, kuma a jariri kuskurensu yana da yawa, don haka ni ban ba da shawarar a dogara da shi a ranar farko ba. A kula da uwa a duk tsawon aikin, a ɗaure ta inda take ganin ɗanta, saboda saniya mai sabuwar haihuwa, ko da a da mai sanyin hali ce, tana iya kai wa mutum suka.

Me lambar take faɗa? Jaririn Bunaji ko Bokoloji mai lafiya yawanci yana tsakanin kilo 20 da 25, namiji ya ɗan fi mace, ɗan karsana mai haihuwar fari kuma ya ɗan gaza na babbar saniya. Idan ɗaya ya zo da kilo 15 ko 16, wannan ɗan yana bukatar kulawa ta musamman, a tabbatar ya sha dakashi, a kare shi daga zafin rana da karnuka. Idan kuwa yawancin maruƙan shekarar ne suka zo a haka, to maganar ta koma kan abincin iyaye a rani, ko wata cuta irin sammore, wadda ƙudan tsando yake kawowa, ko ciwon hanta da take cin su a ɓoye, kuma ya kamata likita ya duba garken. Ta ɗaya ɓangaren, yanzu mutane suna sha'awar haɗa shanunmu da irin waje domin samun nama, kuma jariran irin Simmental da Charolais suna haura kilo 40 a ƙasashensu. Idan aka ɗora irin wannan bijimi, ko maniyyinsa, a kan ƙaramar karsana wadda ƙugunta bai gama buɗewa ba, wuyar haihuwa ake saye da kuɗi. Wanda yake rubuta nauyi zai gane a shekara guda wane bijimi ne yake ba da manyan 'ya'ya, ya ajiye shi ga manyan shanun da suka saba haihuwa. Mai son shawara a kan zaɓen iri yana iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, domin sun daɗe suna aiki a kan Bunaji da sauran shanunmu.

Amma Alhaji, awo ɗaya tilo ba ya isa, kuma wanda ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. A sami littafi guda na garke, kowane maraƙi a rubuta ranar haihuwarsa, da sunan uwarsa ko lambar kunnenta, da ubansa, da jinsinsa, da nauyinsa, da kuma ko uwar ta haihu da kanta ko sai da aka taimaka. Bayan kwana 30 a sake auna shi. Alal misali, wanda aka haifa da kilo 22, idan ya kai kilo 34 a kwana 30, ya ƙara kilo 12, wato giram 400 a kullum. Idan ɗan wata saniyar a garke ɗaya, a abinci ɗaya, ya ƙara giram 150 kawai, to ko dai uwar ba ta da nono, ko ana tatse ta fiye da kima, ko tsutsar ciki ta kama shi. Akwai wata doguwar tsutsa da take bin nonon uwa ta shiga jariri a kwanakin farko, shi ya sa likitoci suke ba da magani tun yana da kimanin sati biyu, kuma maganin tsutsa da na gudawa duk da kilo ake auna su. Wanda yake ƙiyasi da ido, ko ya ba da kaɗan maganin bai yi aiki ba, ko ya zarce ya cutar da ɗan dabba. Idan aka ci gaba da awon har zuwa yaye, a shekara biyu ko uku littafin zai nuna saniyar da take haihuwa a kai a kai tana rainon ɗa mai ƙiba, da wadda take cin abinci kawai, kuma idan lalura ta taso aka ce sai an kai wata saniya kasuwa, an san wadda za a kama.

Saura maganar mabiyiya, wadda ya kamata ta faɗo cikin awa 12. Idan ta kwana ba ta fito ba, kada a ja ta, kada a ɗaura mata dutse, a kira likita, wadda ta faɗo kuma a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba. Ina kuma ba da shawara, tunda garken ƙarami ne kuma bijimin a hannunku yake, a bana ku fara rubuta ranar da aka hau kowace saniya, ku ƙara wata 9 da kwana 10 a kai, domin ku san wadda za a fara ware wa harawa tun daga Janairu. Idan maruƙan farko sun iso, ku turo mana nauyinsu a nan tare da hoton iyayen, mu duba tare. Allah ya sauke su lafiya, ya sa albarka a garken. Wassalamu alaikum.