Albireo Ya Rabu Biyu, Wannan Kuwa Ya Ƙi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin madubin hangen taurari mai faɗin baki milimita 80, nisan tattara haskensa milimita 900. Wata huɗu ke nan ina koyon kallon tagwayen taurari. Albireo tun daren farko ya rabu mini biyu, ɗaya ruwan zinare, ɗaya shuɗi. Sai na gani a jadawali cewa Groombridge 34, da ke rukunin taurari na Andromeda, tazarar tagwayensa kusan ɗaya ce da ta Albireo. Dare huɗu ina dubawa, tauraro ɗaya tilo nake gani. Na ƙara girman hoto har ninki 180, shiru kake ji. Madubin ne ya gaza ko idona?

Daga wani mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ga laifin madubinka tukuna. Jadawalin bai yi maka ƙarya ba, kai ne ka karanta layin tazara ka tsallake layin haske.

Gaskiya ne tazarar ta yi kusan ɗaya, wajen sakan 35 na kusurwa, wato idan aka raba digiri ɗaya gida 3,600 aka ɗauki 35. Wannan fili ne mai yalwa, ko ninki 30 ya isa ya nuna shi. Inda gizo ke saƙar shi ne haske. A ma'aunin hasken taurari, yadda lamba ke hawa haka tauraro ke dushewa, kuma kowane mataki ɗaya yana rage haske kusan ninki biyu da rabi. Ƙaramin tagwayen Albireo yana mataki na 5. Babban tagwayen Groombridge 34 yana na 8, wanda ido kawai ba ya gani sam, ƙaninsa kuma yana na 11. Mataki shida ke nan tsakanin ƙannen biyu, wato wanda kake nema ya fi na Albireo dushewa kusan sau 250. Madubi irin naka, a sarari mai duhu sosai, iyakarsa wajen mataki na 12 ne. Ka ga ashe a bakin gaɓa kake farauta. Ɗan farin wata, ko hazo, ko fitilar maƙwabci, kowanne ya isa ya haɗiye shi.

Ninki 180 ɗin nan kuwa ka ajiye shi. Ba rabuwa ce ta gagare ka ba, balle ka ce sai ka ƙara girma. A ƙaramin madubi, girma irin wannan yana sa ɗigon tauraro ya baje, ko numfashi ka yi hoton ya kama rawa. Ka nemo wurin da gilashin ido (ɗan gilashin da ake sa wa madubin a inda ake leƙawa) na milimita 25, wanda zai ba ka ninki 36, sannan ka koma na milimita 10, ninki 90. A nan bayan hoton yake ƙara baƙi, ɗigon tauraron kuma bai watse ba. Ni dai a nan na fi samun sa'a.

Kafin komai ma, ka tabbata tauraron da kake kallo shi ne. Ni na yi dare biyu cur ina zare wa wani tauraro ido, har hawaye na zuba, ashe maƙwabcinsa ne, ba shi da ƙane ko ɗaya. Taurarin mataki na 8 suna da yawa a wannan yankin, kuma duk kamarsu ɗaya. Ka fara daga tauraron da ake kira 26 Andromedae, wanda ke dab da shi, ka riƙa gwada abin da kake gani da taswira, ɗigo bayan ɗigo. Naka yana da ɗan ja-ja, kamar garwashin da toka ta fara rufewa.

In ka same shi, sai ka san inda za ka sa rai. Mutane da yawa suna neman ƙanen a manne da babban, alhali yana can gefe. Ka tuna faɗin Jupita yadda kake ganinsa a wannan gilashin, kusan haka tazarar take. Ta wane gefe? Ka saki madubin, kada ka taɓa, ka bar tauraron ya yi ta tafiya har ya fice. Inda ya fita nan ne yamma. Ƙanen yana gabas, ya ɗan karkata arewa, saboda haka a baya yake biye da yayansa.

Yanzu sai aikin ido, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, kuma kallo ɗaya ga fuskar waya ya isa ya mai da kai farko. In dole sai ka duba taswira, yi da 'yar fitila ja marar ƙarfi. Sannan kada ka ƙura wa wurin ido. Tsakiyar ido ta gani da rana ce, ƙwayoyin da ke kama haske mai rauni a gefe suke. Ka kalli wani wuri ɗan nesa kaɗan cikin hoton, ka saci kallon wurin ta wutsiyar ido. Daren da na fara ganinsa, na lulluɓe kaina da baƙin mayafi, na ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa, sai ga wani ɗigo ƙanƙane kamar kan allura yana rawa tare da babban. Ina juyo da ido kansa ya ɓace. Na kauda ido, ya dawo. Sai da ya yi mini haka sau biyar kafin na yarda ba idona ke yi mini gizo ba. Ƙarin wahalar ma, ƙwayoyin gefen nan ba su cika jin jan haske ba, shi kuwa ja ne.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan ɗigo biyu? To, ɗigon nan biyu suna cikin maƙwabtanmu na kurkusa, nisansu bai kai tafiyar haske ta shekara 12 ba. Jajayen ƙananan taurari ne, sun fi rana sanyi da ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa duk kusancinsu ba sa ganuwa da ido kawai. Sunan ya fito daga kundin taurari na Stephen Groombridge, ɗan Ingila, wanda aka buga a 1838. A 2014 kuma aka sanar da gano wata duniya da ke kewaya babban. Abin da ya fi burge ni shi ne gudunsu: suna gusawa kusan sakan 3 na kusurwa a shekara, su biyun tare, sauran taurarin bayansu suna tsaye. Wannan tafiyar tare ita ce shaidar cewa tagwayen gaske ne, ba haɗuwar hanya ba. Cikin shekara 12 za su matsa kwatankwacin tazarar da ke tsakaninsu.

Don haka ka zana abin da ka gani, da duk ɗigon da ke kewaye, ka sa kwanan wata, ka adana takardar. Ka jira daren da babu wata, tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da Andromeda ke hawa can sama da farkon dare. In ka yi dare uku irin wannan bai fito ba, ka huta a kan wasu tagwayen taurari da ake kira 61 Cygni, waɗanda tazararsu ta ɗan haura sakan 30, haskensu mataki na 5 da na 6, sannan ka aiko mini da zanen in duba ko wurin da kake nema daidai ne.