Ku Tambaya Mu Amsa: Ya za mu tara kuɗɗin gyaran ɗakin kayan tarihi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni malamin lakwal ne nan Maraɗi, mu da wasu abokai wani dattijo ya ba mu aron ɗaki inda munka tara kayan da, takubba, kwari da baka, sirdi, akussa, alluna da takardun ajami. Yanzu ɗakin ya cika kuma tol na yoyo, muna so mu gyara mu ƙara ɗaki biyu. Mun zagaya wajen Alhazai kowa sai ya ce Allah shi taimaka, in masallaci ne ko rijiya nan take a sa hannu aljihu, amma da ka ce muze, wato ɗakin kayan tarihi, sai a bi ka da kallo. Ina mafita?
Wani malami, daga Bagalam

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, sannunku da ƙoƙari. Amma ni a ganina ku aje zancen ɗaki biyun nan tukuna. Ɗaki na aro, rufi na yoyo, wa zai zuba siminti a filin da ba takarda? Alhazan nan 'yan kasuwa ne fa, kafin ka gama bayani sun riga sun yi lissafi. Ku koma wajen dattijon a rubuta yarjejeniya gaban 'ya'yanshi da mai unguwa, don gobe in rabon gado ya tashi kada a watso muku kaya waje.

Sai rufi, kafin damina. Ba sai an gaya ma ɗan Maraɗi aikin ruwa ba, a 1945 Gulbi ya cinye tsohon gari har sai da aka tada mutane aka hau tudu. Takardar ajami kuwa ba ta buƙatar ambaliya, ɗigo kaɗan ya ishe ta, tawada ta narke, ganye ya manne da ɗan uwanshi, abin da ya rage gara ta ƙarasa. Yau ɗin nan ku ɗauke su daga ƙasa ku ɗora bisa kanta ko benci, nesa da bango, kada a ƙulle su cikin leda don tana riƙe raɓa. IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, suna aje irin waɗannan rubuce-rubuce, a nemi shawararsu, haka ma malaman jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan kusa da ku.

Abin da na fi so ku yi kuma ko dala ba ya ci. Ku sami babban kaye, kowane kaya a ba shi lamba, a ɗauke shi hoto da salula, a rubuta gidan da ya fito, wa ya ba da shi, kyauta ce ko ajiya, kuma me tsohin gidan sunka ce a kanshi. Takobi in ba labari ai ƙarfe ne kawai, amma in an ce na gidan wane ne, kuma a gidan ana cewa tun zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore yake hannunsu, to ranar da jikan gidan ya shigo ya ga sunan kakanshi rubuce ba sai kun roƙe shi ba. Maraɗi fa, garin da Katsinawa sunka zo da sarautarsu bayan jihadi, tun Sarki Ɗan Kasawa, ga Tibiri ta Gobirawa nan gefe, gidajen da ke da irin wannan labari ba su ƙirguwa, tsohin ne dai ke ƙarewa.

In kun tashi roƙo kada ku ce "a taimaka", ku ce bandir ɗin tol kaza, buhun siminti kaza, ga takardar magini. Mai kanti ya fi sakin kaya da ya saki kuɗɗi. Wanda ya ba da jika guda a ba shi resi kamar wanda ya ba da jika ɗari, 'yan gari da ke Yamai ko Kano ko Abijan su turo ta Nita ko Amana da sunan ƙungiya ba na mutum guda ba, ƙarshen wata a saka lissafi a WhatsApp kowa ya gani. Wannan kuwa sai ƙungiyarku na da takardar izini daga hukuma.

Ku kai gaisuwa fadar Sarkin Katsinar Maraɗi da kayen nan a hannu, ku biya ta ofishin al'adu na jiha. In rufi ya tsaya, ku riƙa kawo 'yan lakwal aji-aji ran Asabar, sannan a yi zancen ƙarin ɗaki bayan kaka, lokacin da kuɗɗi ke hannun mutane.